Bel ɗin da Hamma ya yanka

Motar da ta ɗauki gawar yayana zuwa maƙabarta ba ta da lafiya. Ina zaune a tsakar gida cikin mata, mayafi a fuskata, na ji an tayar da ita a ƙofar gida. Tas, tas, tas, can ƙasa-ƙasa ta gaban inji, kamar mai ƙwanƙwasa tasa da farce. Na juya ga matar da ke gefena na ce, "Kin ji? Bel ɗin motar nan ya kusa tsinkewa." Ita ta ɗauka mutuwar ce ta taɓa mini kai. Ta dafa kafaɗata tana cewa, "Sey munyal, Goggo, sai haƙuri." Haƙuri kam ina da shi, kunnena ne na kasa toshewa. Shekara talatin da ɗoriya ina suyar ƙosai a bakin garejinsa a Dubeli, na san kukan mota yadda uwa ta san kukan ɗanta. Wallahi da mamaci yana tashi, da Hamma ya yaye likkafani ya ce a kashe injin nan tukuna.

Mutane sun zo, ba zan rage musu ba. Direbobin tasha sun cika layinmu har mai keke ya rasa hanya. Masu sayar da kayan gyara, waɗanda ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da su, sun rufe shaguna sun zo, ɗaya har da hawaye shaɓe-shaɓe. Tsohon malaminsa, Modibbo na cikin garin Yola, wanda ko tsayuwa ba ya iya yi yanzu, aka riƙo shi hannu bibbiyu aka zaunar a tabarma. Matan coci na unguwa sun kawo kunu da ruwan sanyi, suka zauna tare da mu har rana ta karkata.

Amma addu'a iri biyu na yi ta ji. Akwai mai cewa "Allah ya jiƙansa" ya tsaya nan. Akwai kuma wanda zai faɗi haka, sai ya rage murya, ya dubi ƙasa, ya ɗaura mata wutsiya: "Allah ya yafe masa abin nan." Abin nan. Wane abu? Sata ya yi? Amanar wa ya ci? Kwana uku ina haɗiye wutsiyar nan kamar mai haɗiye ƙayar kifi, don gidan makoki ba wurin tada jijiyar wuya ba ne.

Ranar sadakar uku babban ɗansa ya shigo ɗakina ya tsuguna. Magidanci ne, ma'aikacin gwamnati, furfura ta fara fito masa. Ya ce, "Goggo, jibi zan je Jambutu wurin matar Ticha, in roƙa wa Baba yafiya. Kada haƙƙin uwarta ya tsare shi a can."

Ɗan cikinsa ke nan. Ashe maganar ta ci har tsakar gidanmu ban sani ba. Shi ya sa yau da aka naɗe tabarmin makoki na zaunar da 'yata da takarda. Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara mini ko wasali.

Hamma ya girme ni da shekara shida ko bakwai, ba wanda ya rubuta. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ɗan yatsansa na hagu a karkace tun ranar da inji ya cije shi. Magana ba ta dame shi ba, ni na kwashe rabonsa na haɗa da nawa. Rediyon Dubeli yake kirana. In na fara zuba sai ya ɗago kai daga cikin bonet ya ce, "Jama'a, ba mai cire wa rediyon nan batir?" Ni kuma in ce, "Kurman gareji, ci ƙosanka, ba da kai nake ba." Haka muka tsufa.

Kowane bakanike da inda hannunsa ya fi faɗawa. Shi nasa bel ɗin taimin ne, baƙar ɗamarar robar nan mai haƙora da ke ɓoye bayan murfi a gaban inji, wadda mai mota zai shekara bai gan ta ba. Ya taɓa yi mini bayaninta da yaren da zan gane. Ya ce, "Kin ga mata biyu suna lugude a turmi ɗaya? Wannan ta ɗaga, waccan ta sauke. To a cikin inji ma haka ne, fistin yana hawa, bawul yana kaucewa. Bel ne mai ba su kiɗa. Ran da ya tsinke sai taɓarya ta haɗu da taɓarya, bawul ya lanƙwashe, inji ya zama na 'yan gwangwan." Yakan ce, "Taya tana jinya, batir yana jinya. Bel ba ya jinya, faɗuwa yake yi ya mutu." Shi ma haka ya tafi, yana alwalar la'asar, buta a hannu.

Kalmar da ya tsana a duniya ita ce "za ta kai". Direba ya ce, "Baba, bar shi, za ta kai Numan," sai ya miƙe yana goge hannu da tsumma ya ce, "Na zaga shagunan Jimeta kaf, ban ga inda ake sayar da za-ta-kai ba. Ba ta cikin kayan gyara."

Lambar da ke jikin kwali bai iya karanta ta ba, bai kuma yarda da ita ba. Haƙora yake ƙirgawa da babban yatsa kamar mai jan carbi, na tsoho da na sabo, in suka saɓa da ɗaya ya mayar wa mai shago. Kafin ya cire bel sai ya karyi tsinke daga tsintsiyata, ya tsoma a farin fenti, ya ɗiga alama a fuli na sama da na ƙasa, ƙarafan da bel ke zagayawa a kansu. Tsintsiya nawa ya ƙarar mini, Allah kaɗai ya sani. In ya ɗaura sabo ba mai taɓa makulli sai ya juya injin da sifana da hannunsa, zagaye biyu, ya ga ɗigon fentin ya dawo daidai inda ya bar shi. Mota ta zo tana tari, ba ƙarfi, tana harbi ta salansa, wannan ya ce fulogi ne, wancan ya ce gurɓataccen mai ne, shi ya kara kunne ya ce, "Wani ya tsallake haƙori." In kuma turo ta aka yi, aka ce tana cikin tafiya ta mutu, sai ya ce a murɗa sau ɗaya tak. Da ya ji inji yana juyawa fayau kamar ana kaɗa ludayi a tukunyar da ba komai, zai ɗaga hannu: "Ya isa. Kar a ƙara, ɓarnar ta yi yawa ma a haka."

Sai wuƙarsa. Duk bel ɗin da ya cire, sai ya yanka shi biyu a gaban mai motar. Dalili kuwa, akwai marasa tsoron Allah da ke tsince su a bola, su wanke, su goga musu man takalmi, su sa a kwali su sayar wa bayin Allah a matsayin sabo. Wata rana wani mai shago ya kawo masa irin wannan yana rantsuwa, "Baba, orijina ne, no wahala!" Hamma ya lanƙwasa shi ta baya, tsagogi suka buɗe baki, ya kai hanci ya shinshina ya ce, "Wannan ai ƙamshin takalmin ango yake yi." Suka shekara ba sa gaisawa. Shi ne mai hawayen nan ranar makoki. Yankakkun kuwa ni ke kwashewa, da su nake ɗaure itace, da su na ɗaure rumfata, har yau iska ba ta ɗauke ta ba.

To, Ticha. Maƙwabcinmu ne a wancan lokaci, katanga ɗaya ta raba mu. Malamin makaranta ne, Kirista, mutumin kudancin jihar nan, matarsa kuma daga ƙasar Mubi. Ranar Kirsimeti shinkafarsu a gidanmu take kwana, ranar Layya cinyar ragonmu tasu ce. Uwar matar in ta zo ganin jikoki a rumfata take wuni, ta miƙe ƙafarta mai ciwo, tana ɓare mini gyaɗar da ta kawo muna zagin surukan zamani. Na san ta. Kada wani ya ɗauka mutuwarta ba ta taɓa ni ba.

Ticha yana da 'yar jar mota. Farkon damina ya kawo ta juyen baƙin mai. Hamma ya kwance murfin gaba ya kira shi. "Malam Ticha, zo ka gani. Sil ɗin da ke tare mai yana yoyo, man yana ɗiga kan bel, ya fara tsagewa. A canza su tare." Ticha ya yi dariya ya ce, "Baba, motan nan zai kai hutu." Tsakiyar damina ya dawo gyaran birki, Hamma ya sake yi masa maganar. Ya ce, "Zai kai Kirsimeti, Baba." Ina zaune, ƙosai yana cikin mai, kunnena yana kansu. Sau biyu. A riƙe mini wannan.

Shekarar ce masu bindiga suka sauko, garuruwan arewa suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zauna a Jimeta a lokacin ba ya buƙatar a ba shi labari. Gadar kogi cike da mutane da ƙunshin kaya a ka, gidan mutum goma ya koma na talatin, ni kaina sai da na daina sayar da ƙosan safe na koma rabawa. Wata safiya, hantsi bai gama dubawa ba, jar motar ta tsaya a bakin gareji. Ticha ya fito, matarsa tana gaba idanunta jajur. An bugo musu waya cewa an matso Mubi, tsohuwa tana can tare da ƙanwar matar da 'ya'yanta uku.

"Baba, duba mini ruwa da mai kawai. Yanzu zan kama hanya."

Hamma ya ce a bar injin yana aiki. Ya kara kunne. Ni ma daga rumfa na ji. Ya sa aka kashe, ya kwance murfin. Na taso da matsami a hannu na leƙa, da idona na gani ba labari ba: bel ya sha mai ya yi laushi, gefensa ya zare kamar bakin tsohon zane, haƙora biyu sun fita, na uku yana lilo.

Ya ce, "Malam Ticha, wannan ba za ta kai Song ba."

"Zai kai, Baba. Da addu'a zai kai."

"To ta kai ka. Da me za ta dawo? Mutum bakwai da kaya, kana gudu, daji hagu da dama. In wannan ya tsinke ba turi, ba dabara. Nan za ku zauna a kan kwalta ku jira wanda ya fara isowa."

"Rufe mini motana, Baba. Motana ne, ba naka ba."

Sai matar ta fito ta durƙusa a cikin baƙin man gareji da zanenta mai kyau. "Baba, don Allah. Mamana ne. Ka san ƙafanta, ba ta iya tafiya."

Hamma ya dube ta. Sannan ya ɗauki sifana ya juya inji a hankali, ya karyi tsinke a tsintsiyata ya ɗiga fenti sama da ƙasa. Su sun ɗauka shirin rufewa yake yi. Ni da na san shi, na gane ba rufewa zai yi ba. Ya zaro wuƙar daga aljihu ya yanke bel ɗin.

Ticha ya ci kwalarsa, ya haɗa shi da jikin motar. Dattijon da ya kusa haifarsa. Hamma bai ɗaga hannu ba, cewa kawai ya yi, "In ka gama, sake ni in je neman bel."

Ticha ya ruga tasha neman shata, bai samu direba ko ɗaya mai fuskantar arewa ba, kowa fitowa yake yi. Hamma kuwa ya rataya yankakken bel a wuya ya shiga gari da ƙafa. Rabin shagunan a rufe, masu su sun kwashe iyali sun yi kudu. Ya taka Dubeli, ya taka Gwadabawa, ya bi bayan kasuwa, yana ƙirga haƙora. Wanda ya samu ya ɗara da haƙori ɗaya. Wani kuma ɗan man takalmi ne. Sai wajen la'asar ya tuna da motar Modibbo a cikin garin Yola, injinsu iri ɗaya, shi da kansa ya sa mata sabon bel wata guda da ya wuce. Ya je ya faɗi gaban malamin ya gaya masa ko motar wa ce da inda za ta. Modibbo bai ko rufe littafin da ke gabansa ba ya ce, "Cire. Ni ina za ni?"

Washegari tun da gari ya waye yana kan aikin. Ya ce sai ya canza sil ɗin da ke yoyo. Ticha yana kuka yana cewa, "Bar sil ɗin, Baba, lokaci!" Ya ce, "In na bar shi, mai zai cinye wannan ma." Ya ɗaura bel, ya juya da hannu zagaye biyu, ɗigon fenti ya kauce da haƙori ɗaya. Ban taɓa ganin ya kuskure haka ba sai ranar. Ya kwance ya sake. Ana kiran azahar motar ta tashi, muryarta sumul. Ticha ya shiga shi kaɗai, ko sallama bai yi ba.

Gaba da Gombi ya tarar da ƙanwar matarsa da yaran suna tafe a ƙasa. Tsohuwa ba ta cikinsu. Tun jiya da rana da garin ya watse suka bi daji, ƙafarta ta gaza, ga ƙishirwa. Da asuba ta cika a gindin wata bishiya, suka rufa mata zane da ganye suka wuce.

Da labari ya iso, matar Ticha ta fito tsakiyar layi ta ɗora hannu a ka tana ihu, "Ya yanka bel, ya yanka Mamana!" Wannan kuka ne, ban riƙe ta da shi ba. Waɗanda na riƙe su ne masu ɗaukar kukan mutum su mai da shi hira. Kafin mako ya zagayo magana ta yi ƙafa ta yi fiffike. Har aka samu masu ƙara gishiri, wai don su Kirista ne ya yi musu haka. Hamma! Mutumin da ya tsiraita motar malaminsa saboda su, motar Modibbo ta yi wata biyu a kan duwatsu kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Masu kawo gyara suka ragu. Wanda ya saba tsayawa su gaisa ya koma ɗaga hannu daga nesa. Ticha ya kwashe iyalinsa ya koma Jambutu don kada matarsa ta riƙa wucewa ta gaban gareji.

Jar motar nan kuwa sahu huɗu ta ƙara yi a makon, tana zuwa wayam tana dawowa maƙil, har da na cikin but, a kan bel ɗin Modibbo. Wasu daga cikin waɗanda ta ɗebo suna nan sun yi gidaje sun aurar da 'ya'ya. Biyu daga cikinsu na gani da idona ranar makoki suna ɗaura wa addu'a wutsiya. Mutum ke nan.

A lokacin na ci ɗamara zan je Jambutu in amayar da abin da na sani. Hamma ya tare ƙofa.

"Rediyo, zauna."

"Ba zan zauna ba! Sau biyu ka gaya masa ya canza, a kunnena! Da ya ji maganarka da damina, da tun safiyar nan ya kama hanya!"

"Na sani. To in kin faɗa, wa za ta riƙa kallo kullum da safe? Ni tana iya canza hanya ta daina ganina. Shi kuwa kwano ɗaya suke ci, ga 'ya'ya huɗu. Ta rasa uwa, ki bar mata miji."

"Sunanka fa, Hamma?"

"Suna ba ya tayar da mota. Ki yi mini alkawari maganar damina ba za ta fita daga bakinki ba."

Na yi masa, don yayana ne, shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar aurena. Amma bel ɗin nan ban ɗaure itace da shi ba. Na naɗe shi a tsumma na sa a ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwan da na ajiye don ranar tafiyata.

Kada kuma a rubuta wai na ce da sun tafi a ranar da sun mutu. Ban sani ba. Wataƙila da ruɓaɓɓen bel ɗin ya kai su ya dawo da su, tsohuwa ta zo rumfata ta miƙe ƙafa. Hamma ma bai sani ba, kuma na ga yadda rashin sanin ya ci shi, don daga shekarar bai ƙara cin gyaɗa a gabana ba. Abin da ya sani shi ne abin da idonsa ya gani a bayan murfin nan, a kansa kuma ya yi hukunci. Wanda ya fi shi sani ya fito ya faɗa.

Ranar da ɗansa ya ce za shi Jambutu na riga shi shiryawa. Ya ce, "Goggo, don Allah kada ki je ki tada magana." Na ce, "Ni da na yi alkawari? Rakiya zan yi maka."

Muka tarar da su a falo. Ticha ya yi ritaya, kansa fari fat, matar ta yi jiki. Suka yi mana gaisuwa yadda ya kamata, aka kawo ruwa. Ɗan Hamma ya zame daga kujera ya durƙusa ya ce, "Mama, mun zo roƙa wa Baba yafiya ne."

Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Na yafe masa tun ranar da na ji ya rasu. Mu an koya mana yafiya."

Nan jinina ya hau. Na ce, "Kai, tashi daga ƙasan nan, ubanka bai haifi mai durƙusa wa ƙarya ba. Madam, riƙe yafiyarki, mun gode. Mai laifi ake yafe wa." Na kwance tsumma na ajiye bel ɗin a kan teburinsu, kusa da kofunan ruwa. Na juya ga mijin. "Malam Ticha, kai ka yi makaranta, ni ban yi ba. Karanta mana wannan."

"Goggo, maganan nan ya wuce."

"Ba ta wuce ba. Shekaranjiya na ji ta a bakin mai gawayi, a gidan makokin yayana. Ɗauka ka lanƙwasa shi yadda Hamma ke yi."

Ya ɗauka. Da ya lanƙwasa, roba ta riƙa zuba a kan teburin kamar ɓawon gyaɗa.

Na ce, "Ranar da ka tafi, mota nawa ka wuce a hanyar Song bonet a buɗe?"

Ya ce, "Da yawa."

"Mutanen ciki fa?"

"Ban ga kowa ba. Kaya ne kawai a zube, da takalma."

Matar ta juyo ta dube shi. "Ba ka taɓa gaya mini wannan ba."

Maganar damina tana nan a kan harshena, tana ƙona ni kamar tafasasshen mai. Na danne ta da haƙori. Alkawari na yi cewa ba za ta fita daga bakina ba, ban yi alkawarin rufe idona ba. Na zuba wa Ticha su, ban ƙifta ba. Ya dubi bel, ya dubi ɗan Hamma, ya dube ni. Sai ya sunkuyar da kai ya ce wa matarsa, "Baba ya gaya mini in canza shi. Tun farkon damina. Sau biyu. Ni na ce zai kai."

Ba ta yi ihu ba wannan karon. Ta miƙe a hankali, ta shiga ɗaki, muka ji ta murɗa makulli.

A hanyar dawowa, da muka shigo Dubeli, ɗan Hamma ya juyo gare ni. Ya ce, "Goggo, abin da Baba ya hana ke nan fa." Na ce, "Na sani. Bakina bai faɗa ba." Ya ce, "Goggo." Na ce, "Na ce na sani!"

Ranar sadakar bakwai, gida cike da mata, sai ga ta. Ita kaɗai, a keke mai ƙafa uku ta zo, ba a motar mijinta ba. Rabonta da ƙofar nan tun shekarar gudu. Ta ratsa mata har gabana ta durƙusa, ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji, ta ce, "Allah ya jiƙan Baba. Bai yi mini komai ba. Ni ce na ɗauki alhakinsa." Masu wutsiya suka hau gyaran mayafi. Na kama hannunta na zaunar da ita a gefena, muka yi kukan tsohuwarta tare, wanda ya kamata mu yi tun shekarun nan. Da za ta tafi na tambaye ta maigidan. Ta ce, "Yana nan." An ce mini tun ranar a gidan ƙanwarta take kwana.

Sunan Hamma ya dawo. Gidan da ya saya da sunan nasa kuwa ban san ko zai tsaya ba, wannan yana wuyana, ba na kuma neman mai taya ni ɗauka. In mun haɗu zai ce, "Rediyo, ba na ce ki zauna ba?" Zan ce masa na zauna shekara da shekaru, har ɗansa ya durƙusa.

Da aka zo rabon kayansa, 'ya'ya suka ɗauki sifanu da jak. Ni wuƙar na ce a ba ni. Na aika a gaya wa direban motar gawa ta masallacinmu ya kai ta a duba bel. Ɗan aike ya dawo ya ce wai a gaishe ni, in kwantar da hankalina, za ta kai. To. Duk layin nan ba wanda ya fi ni kusa da hawa motar nan, ba kuma zan yarda a sauke ni a bakin hanya ana neman mai turi ba. Gobe da hantsi zan je da kaina in sa a kwance mini murfin, wuƙar tana cikin lalitata.

Allah ya jiƙan Hamma, ya haskaka makwancinsa, ya sa alamominsa su dawo daidai ranar awo. Addu'ar nan ta tsaya, ba ta da wutsiya.